Yadda Za Ka Tayar da Tsohon Keken Tsere na Hannu a Jos

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da darajarsa a garin Jos. Ɗalibai da ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i kowa ya koma neman abin hawan da ba ya shan mai. Sai dai idon yawancin masu saye yana kan mai ƙatuwar taya da shokozoba. Shi ya sa in ka shiga inda aka jera kekunan Baljiyam, sau da yawa za ka hangi wani siriri can ƙarshen layi, kansa a murɗe kamar ƙahon rago, ƙura ta rufe shi, ko tayawa ba a yi. Wannan shi ne keken tsere na da, irin waɗanda aka ƙera a Ingila da Faransa da Italiya da Holan da Jafan a shekarun 1970 da 1980: Raleigh, Peugeot, Motobecane, Gitane, Bianchi, Gazelle, Batavus, Miyata, Bridgestone.

A ganina, ga mai tafiya a kan kwalta babu keken da ya kai shi riba. Gangar jikinsa ƙarfe ce zalla, ba shi da nauyi, kuma kusan komai na jikinsa ana kwance shi a wanke a mayar. Sharaɗinsa ɗaya ne: awon kayansa ba ɗaya ba ne da na kekunan da suka cika kasuwarmu. Duk wanda ya tunkare shi da guduma da maganar "ai duk keke keke ne", zai kashe shi a wuni guda. Abin da yake so shi ne awo da kananzir da giris da haƙuri.

Tun a wajen mai sayarwa ake fara gyara

Ka tafi da tef ɗin awo, da mayen ƙarfe, da alanki lamba 5 da 6, da sifana mai buɗewa da tsukewa, da zare mai ƙwari kamar mita uku. Kada ka kalli fenti da sirdi da taya, duk waɗannan ana sakewa. Firam, wato gangar jikin ƙarfen, shi ne keken.

Fara da bayan wuya, inda manyan bututun nan biyu suka haɗu da bututun da kai ke juyawa a ciki. Ka shafa ƙarƙashinsu da yatsa. In ka ji ɗan tudu, ko ka ga fenti ya tsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba, ƙarfen ya lanƙwashe. Ka bar shi ko da kyauta ne. Ka tsaya a gefe ka dubi fok, wato ƙarafa biyun da ke riƙe tayar gaba: samansa ya kamata ya bi layi ɗaya da bututun wuya, sai can ƙasa ya lanƙwasa gaba. In ya ja baya, shi ma alamar karo ce. Duk inda ka ga dunƙulen walda a jikin firam, wannan ba aikin kamfani ba ne, domin waɗannan bututun sirara ne, wutar waldar bakin hanya tana cinye su.

Sai awon zare. Ɗaura shi a bakin da aksil ɗin baya ke shiga ta dama, ka zagayo da shi ta gaban bututun wuya, ka dawo ka ɗaure a bakin hagu. Ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane ɓangare. In sun yi daidai, ko bambancin bai wuce milimita biyu ko uku ba, firam yana kan saiti.

Daga nan ka juya keken ka duba ƙarƙashin gidan feda da ƙananan bututun da suka nufi baya, nan ruwa ke kwanciya. Tsatsar da ta yi ja a sama ba komai ba ce. Wadda ta yi ramuka, ko ka danna da kan sukudireba ka ji wurin ya lotsa, ta riga ta ci ciki.

Abu biyu kuma kada ka biya kuɗi sai ka ga sun motsa da idonka: sandar sirdi da wuyan kai, wato sandar da ke riƙe kan keken. Ka sassauta notinsu ka murɗa. Alminiyam da ƙarfe in suka shekara ashirin tare babu giris, haɗewa suke yi, wani lokaci sai an yanka da zarto. Mai kaya zai ce, "Maigida, ai ɗan mai kawai za ka sa." Ka ce masa, "To Alhaji, a sa man yanzu mu gani." In ya motsa, madalla. In ya ƙi, ko dai kuɗin ya sauko sosai ko ka yi gaba.

Ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a sami tazarar yatsa biyu tsakaninka da bututun sama. Mai tsayin santimita 170 yakan dace da firam na kusan 54, mai 180 kuma na kusan 57 ko 58, in aka auna daga tsakiyar gidan feda zuwa bakin sandar sirdi. Keken da ya fi ƙarfinka babu gyaran da zai rage shi.

In ka ga ƙaramar takarda manne a bututun sirdi an rubuta Reynolds 531, ko Columbus, ko Tange, ko Vitus, ka yi sa'a, wannan ƙarfe ne mai kyau. Reynolds 531 a 1935 aka fara yin sa a Birmingham, kuma da shi aka ci manyan tsere na duniya shekaru masu yawa. In babu ita ma ba laifi, keken zai ɗan fi nauyi ne kawai. Wanda zan hana ka shi ne mai tayar da aka manna a rim da gam, wadda tub ɗinta ke ɗinke a ciki. Samun irinta a nan wahala ce, sai in ka shirya sauya ƙafafun biyu.

Kafin ka miƙa kuɗi ka nemi rasit, a rubuta lambar firam a ciki. Lambar takan kasance ƙarƙashin gidan feda ko kusa da aksil ɗin baya. In ka ga an goge ta da magagari, kada ka tsaya jin bayani.

Ka san ɗan wace ƙasa ne

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ke jawo asara. A wancan zamani kowace ƙasa da nata tiredi, wato zanen da noti ke bi yana murɗuwa. Na Jafan da yawancin na Ingila da Holan suna bin awon da duniya ta tsaya a kai yanzu, don haka kayansu ba sa wuya: faɗin gidan feda milimita 68, kaurin wuyan kai 22.2. Na Italiya faɗin gidan fedarsa 70 ne, tiredinsa daban. Na Faransa, wato su Peugeot da Gitane da Motobecane na kafin farkon shekarun 1980, kusan komai nasu daban ne: wuyan kai 22.0, tiredin feda daban, na gidan feda daban. Mu nan mun fi sanin Fijo da motar da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, amma kamfanin ya fara keke tun 1882, kuma kekunansa na cikin waɗanda suka fi zuwa mana a gwanjo. Raleigh ma, da iyayenmu suka sani ciki da waje, ƙananan samfuransa na masana'antar Nottingham suna da tiredin kansu mai zane 26 a inci guda, alhali na sauran jama'a 24 ne. Da ido ba za ka bambance ba. Noti zai shiga zagaye biyu ya cije, in ka matsa da ƙarfi ka cinye tiredin firam ke nan.

Saboda haka ka riƙe ƙa'ida biyu har ka gama. Kada ka yar da ko da wasa guda har sai sabo ya zauna a gurbinsa. Kuma duk abin da za ka saya, ko a wajen Taminus ne ko cikin masu kayan ƙarfe na Dilimi, ka sa tsohon a aljihu ka je da shi a gwada.

Kwancewa

Ka ɗauki hoton kowane sashe da waya, musamman yadda sarƙa ta bi ta cikin masauyin giya na baya da yadda wayoyin birki suka zagaya. Ka wanke keken da ruwa da sabulun gari don ka ga abin da kake taɓawa. Ka ɗiga mai a kan kowane noti ka bar shi ya kwana. Ka tanadi gwangwanayen madara ko na tumatir, kowane sashe da nasa, ka shimfiɗa buhu a ƙasa don 'ya'yan boris ba sa faɗuwa kusa.

Feda ake fara cirewa tun ƙafafu na jiki, da sifana lamba 15. Ta hagu tiredinta a juye yake. Hanya mai sauƙi ita ce: ko dama ko hagu, in sifana na tsaye sama, ka tura ta wajen tayar baya. Wuyan kai kuma, ka kwance dogon notin samansa zagaye uku ko huɗu, kada ka fitar da shi, ka ɗora katako a kansa ka buga sau ɗaya. Zai faɗa ƙasa ya saki abin da ya riƙe a ciki.

Hannun feda iri biyu ne. Akwai mai kotafin, wato ƙusa mai noti da ke riƙe hannun a jikin aksil, irin na kekunanmu na gargajiya. Ka sassauta notin har ya yi daidai da kan kotafin, ka tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu da ya taɓa ƙasa, sannan ka yi bugu ɗaya mai ƙarfi. Tokarewar ce ke hana bugun ya sauka kan boris. Kotafin na Ingila kaurinsa milimita 9.5, na Faransa 9. Akwai kuma na alminiyam wanda ba shi da kotafin, shi sai da abin zaro shi na musamman mai tiredi. In ba ka da shi, ka tura keken wajen mai gyaran da yake da shi. Kada ka yarda a buga shi da guduma ta baya, ko a hau keken a kwance don ya saki da kansa: ramin cikinsa zai buɗe, ba zai ƙara zama daram ba. Wasu na Faransa, irin Stronglight na da da TA, ramin da abin zarowar ke shiga ya ɗan fi milimita 22 da aka saba, a lura kafin a cusa.

A gidan feda, ka cire zoben waje da kofin hagu, wato ƙoƙon da 'ya'yan boris ke zama a ciki, ka zaro aksil da boris, ka lura da wane ɓangaren aksil ɗin ya fi tsawo, shi ne na dama. Kofin dama ka bar shi a inda yake, ka wanke shi ta ciki da tsumma a kan sanda. A matse yake ainun, a wasu kekunan tiredinsa na hagu ne, a wasu na dama, kuma babu abin da za ka ƙaru da shi in lafiyarsa ƙalau.

Tsatsa da fenti

Ƙananan notuna da suka yi ja a jiƙa su cikin ruwan binega su kwana, a goge da buroshi, a ɗauraye, a busar, a shafa mai nan take. Sassan da ke walƙiya a goge su da takardar alminiyam da aka dunƙule aka tsoma a ruwa. Inda fenti ya ɓare, a kankare da samfefa mai laushi a ɗiga fenti ko jan farce marar launi. Ni dai ban goyi bayan a kai shi a fesa masa sabon fenti ba. Kuɗin da zai tafi can ya isa taya biyu masu kyau, fentin kamfani ya fi na gwangwani ƙarko, kuma tsohon kamanninsa ba ya jan idon ɓarawo. Ka zuba ɗan mai cikin bututun firam ka jujjuya shi ya game ciki.

Boris, inda ran keken yake

Wuri huɗu ne: hob ɗin gaba da na baya, wato cibiyar ƙafar keke da aksil ke ratsawa, sai gidan feda, da wuya. Giris ɗin da ke ciki ya kai shekara talatin ko arba'in, ya bushe ya daskare. In ka hau a haka, cikin 'yan makonni za ka cinye abin da ba a samun madadinsa.

Ka wanke komai da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Ban da fetur, don tartsatsi ɗaya ya ishe shi. In sun bushe, ka ɗauki kon, wato abin nan mai tsini da 'ya'yan boris ke gudu a kansa, ka bi layin da suka yi da bakin biro. In biron ya wuce sumul, kon lafiya lau. In ka ji yana sarƙewa a 'yan ramuka, a nemi wani, kuma sau da yawa a jikin mataccen hob na wajen 'yan gwangwan ake samu. Haka za ka yi wa kofin.

'Ya'yan boris kuwa a saye sababbi gaba ɗaya, ba su da tsada, kuma kada a gauraya tsoho da sabo. A mafi yawan waɗannan kekunan, hob ɗin gaba yana cin guda 10 a kowane ɓangare masu kaurin 3/16 na inci, na baya guda 9 masu 1/4, gidan feda guda 11 masu 1/4, wuya kuma ƙanana ne, galibi 5/32. Duk da haka ka ƙirga naka lokacin kwancewa. A wuya, in ka cika zagayen tam, ka cire ɗaya don su sami wurin motsi. Giris na mota na gwangwani ya wadatar, ka cika kofin da shi har 'ya'yan su manne ba sa faɗuwa.

Ɗaurewar ita ce gwanintar. Hob yana son sirarar sifana, lamba 13 a gaba, 15 a baya, tare da 17 ta notin waje. In ba ka samu ba, mai niƙa ƙarfe zai rage maka kaurin tsohuwar sifana. Ka kwance ɓangare ɗaya kawai, ɗayan ka bar shi a kulle yadda kamfani ya saita. Ka murɗa kon da yatsa har ya taɓa boris, ka ɗan ja baya kaɗan, ka riƙe shi da sirarar sifana, ka matse notin waje a kansa. Sai ka juya aksil da yatsu biyu. In ka ji gurzo, ya matse. In ka girgiza ka ji ƙwas-ƙwas, ya yi sako-sako. Abin da ake nema yana tsakanin biyun, kuma ba a cika samun sa a gwajin farko ba, sai an kwance an sake. In ƙafar mai maɗaurin hannu ce, ba mai noti ba, ka bar ɗan motsi ƙanƙani, domin maɗaurin in ya kama zai cinye shi. Wuya kuma ana gwada shi ne da kama birkin gaba a tura keken gaba da baya: kada a ji bugu, kuma in an ɗaga gaban, kai ya faɗa gefe da kansa.

Ƙafafu da taya

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi a kasuwa. Ka manta da lambar inci, ka nemi ƙaramar lambar da ke jikin tsohuwar tayar, irin 32-630 ko 25-622. Ta farkon faɗin taya ce, ta biyun kuma faɗin da'irar rim, duka a milimita. Mai 630 ita ce 27 x 1¼. Mai 622 ita ce 700C, wadda aka fi samu yanzu. Tayar babban keken gargajiya, 28 x 1½, ita 635 ce. Ukun nan a ido kusan ɗaya suke, amma babu wadda ke hawa rim ɗin wata. Mai shago zai iya cewa da sabulu da ƙarfe za ta shiga. In ta shiga ma, ko wayar bakinta ta tsinke ko ta fashe maka a gangara.

In naka 630 ne kuma ka rasa taya, ana iya komawa ƙafafun 622, muddin robar birki za ta iya sauka ƙasa da milimita 4, kuma faɗin hob ɗin baya ya dace da firam: 120 ga mai giya biyar, 126 ga mai shida ko bakwai. Don titunan Jos, da ramukansu da tsakuwar gefen hanya, ka ɗauki taya mai faɗin 28 ko 32 in firam ya ba da wuri. Ta 23 ta filin tsere ce, kullum kana wajen mai faci.

Ka manna mayen ƙarfe a rim. In ya kama, rim ɗin ƙarfe ne, kuma wannan magana ce babba a garin da ake ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba. Rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe birki ba ya kama shi sai bayan tafiya mai nisa. In kuɗinka na ƙafa ɗaya ne, ka sauya ta gaba zuwa alminiyam. Ka kuma shafa cikin bakin rim ɗin: in babu ɗan leɓen da ke riƙe taya, kada iska ta wuce 70 a gejin masu faci. Ka sa sabon ƙyalle ko yankin tsohon tub ya rufe kawunan sifok. Siririn bawul mai ɗan noti a ka ba ya shiga injin masu faci sai da ɗan mahaɗi na tagulla, ka saya ka bar shi ɗaure a jiki.

Miƙe rim aiki ne da nake ba da shawarar ka fara kallo kafin ka taɓa. Akwai wani dattijo mai gyara da nake kai wa nawa a gindin bishiya. Yakan kifa keken, ya juya ƙafar, ya kawo alli kusa da rim a hankali har ya riƙa taɓa inda ya karkato kawai. Sai ya tsayar, ya dubi farin layin, ya sassauta sifok na ɓangaren da rubu'in zagaye, ya matse na ɗaya ɓangaren da rubu'i, ya goge allin da babban yatsa, ya sake juyawa. Can kuma sai ya bi sifok ɗin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da farce, kunnensa a kusa. Na ce, "Baba, me ake saurare?" Ya ce, "Wanda ya yi barci, ɗana. Muryarsa ƙasa take." Kafin ka kai masa irin wannan aiki, ka ɗiga mai a kan kowane notin sifok kwana biyu kafin nan, in ba haka ba tsinkewa za su yi ta yi.

Birki

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk hawan da ka yi akwai gangararsa tana jira. Kada ka yi tsimi a nan. Robar birki ta shekara talatin ta zama dutse ko da ba ta cinye ba, a sake dukkan huɗun. In mai gidan ƙarfe ce, rufaffen bakin ya kalli gaba, don kada robar ta zame ta fice. Ta zauna a kan rim sosai, kada ta taɓa taya, kuma gabanta ya riga bayanta taɓawa da kamar milimita ɗaya, shi ke hana kuka.

Wayoyi da rigunansu duk a sake. Ka je da tsohuwar, domin kan wayar birkin keken tsere dogo ne yana bin tsawon wayar, na sauran kekuna kuwa dunƙule ne a gicciye. Ka shafa wa wayar giris kaɗan kafin ka zura. Bayan ka ɗaure, ka matse hannun birki da iya ƙarfinka sau goma, sannan ka sake ja. Hannun kada ya kai ga taɓa kan keken. Wasu kekunan suna da ƙarin hannun birki a kwance ta sama, kada ka dogara da shi a gangara, ba ya kamawa sosai. Ka kuma tantance wane hannu ne na gaba: na Ingila galibi dama ne, na Faransa sau da yawa hagu.

Sarƙa da giya

Ka ɗora ruler ko tef a kan sarƙa. Daga tsakiyar wata ƙusa zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif a sabuwa. In ya ƙaru da milimita ɗaya da rabi, a sauya sarƙa. In ya kai uku, mai yiwuwa ta cinye haƙoran firiwil ma, sabuwa za ta riƙa tsalle a kansu. Sarƙar keke mai giya siririya ce, 3/32, ta keken gargajiya kuwa 1/8, ba ta shiga tsakanin haƙoran. Wadda aka rubuta wa giya 6, 7, 8 tana yi wa mai biyar ma. Tsawonta: ka zagaya ta kan babban faranti na gaba da babban haƙori na baya ba tare da ta bi masauyin giya ba, inda ta haɗu ka ƙara inci ɗaya.

Firiwil kada ka buɗe cikinsa. Ka kwantar da ƙafar, ka ɗiga man keken ɗinki a tsagar da ke tsakanin mai juyawa da mai tsayawa, kana juyawa har ƙararsa ta yi laushi. Amma ka ƙirga haƙoran babban. Waɗannan kekunan sukan zo da faranti 52 da 42 a gaba, da 14 zuwa 24 a baya, lissafin matasan 'yan tsere ke nan. Wanda zai hau tudun Jos da jakar littattafai a baya ya nemi mai 14 zuwa 28, yawancin masauyan SunTour da Shimano na lokacin suna ɗaukarsa. Gwiwarka za ta ji bambancin tun ranar farko.

Saitin giyar ba wuya, tunda hannunta ba mai ƙirga ba ne, ja ake yi har sarƙa ta zauna. Akwai sukurori biyu, H da L. Na H yana tsayar da sarƙa kada ta wuce ƙaramin haƙori. Na L yana hana ta wuce babba ta faɗa cikin sifok, kuma shi ne mai haɗari, ka tura masauyin da hannu ka tabbatar ba ya kaiwa can. Ka tsaya ta baya ka duba: ƙananan gare-garen nan biyu na masauyin su sauko a miƙe ƙarƙashin haƙori. In sun karkata ciki, kunnen firam da masauyin ke rataye a jiki ya lanƙwashe, a miƙe shi a hankali. In giya na sauka da kanta, ka ɗan matse notin da ke tsakiyar hannun giyar. Masauyin Simplex mai jikin roba da ke kan kekunan Faransa da yawa yakan tsage da tsufa, ka duba shi da kyau.

Baƙin mai da aka juye daga inji ba na sarƙa ba ne. Yana ɗauke da garin ƙarfe, kuma da hunturu ƙura na mannewa a kansa ta riƙa niƙa sarƙar. Ka ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya, ka goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa.

Haɗawa da hawan farko

Ka shafa giris a sandar sirdi da wuyan kai da tiredin feda. Dukansu biyun farko suna da layin iyaka a jiki, kada layin ya fito waje. Tsayin sirdi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe ba tare da ka karkata ƙugu ba. Sirdin ya kwanta daidai. In kotafin ne, na dama da na hagu su kalli ɓangarori mabambanta don hannayen su miƙe layi ɗaya, kuma da bugu ake zaunar da shi, notin riƙewa kawai yake yi. Tef ɗin kai a bar shi ƙarshe, sai ka hau ka gamsu da inda hannun birki ya zauna. Ana fara naɗi daga ƙarshen ƙasa a hau sama, kowane zagaye ya rufe sulusin na baya, a toshe bakin bututun.

Gwajin farko ka yi shi a layin unguwa, a hankali, kana kama birki ɗaya bayan ɗaya kana sauya kowace giya. Sai ka gamsu sannan ka fita da sassafe wajen Rayfield ko hanyar Lamingo kafin motoci su yi yawa. Wannan keken ba shi da murfin sarƙa, don haka ka cusa ƙafar wandon dama cikin safa, doguwar riga kuma a tattare ta a ɗaure. Ka sa hular kwano, da farar fitila a gaba da ja a baya, ka kuma ba masu Keke Napep tazara, don duk inda fasinja ya ɗaga hannu nan suke tsayawa.

Bayan mako guda ka bi kowane noti, ka sake jan wayoyin birki da na giya don sun ɗan miƙe, ka ƙara buga kotafin ka matse, ka girgiza ƙafafu ka ji ko kon ya saki. Iska kuwa duk mako ake dubawa, siririyar taya ba ta riƙe ta kamar babba. In ruwan Agusta ya dake ka a hanya, da ka isa gida ka zare sandar sirdi, ka kifa keken ruwan cikin firam ya tsiyaye, ka bar shi ya kwana a haka a cikin ɗaki, da safe ka shafa giris ka mayar. Hob biyu da gidan feda kuma a buɗe su a sake musu giris sau ɗaya a shekara, a watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka.